'Ya'yan Goggo Arba'in da Ɗaya

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga ƙanwata Ƙarama,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Yaya gwiwar taki? In har yanzu kina hawa benen nan sau goma a rana, kada ki kawo mini kuka. Ni lafiya lau, sai hawan jinin da kika sani. Wasiƙa na rubuto don in na kira ki a waya rabin hirar "me kika ce?" ce, ga tsuntsaye suna ihu a bayana.

Wata sabuwa ta taso mana, mu masu kiwon aku a bayan gida. Ma'aikatar kula da namun daji ta fitar da daftarin doka, shafi ashirin da biyu, wai don a kama ɓarayin da ke kwaso 'ya'yan aku daga daji suna sayarwa. To madalla, ni ma ba ƙaunarsu nake ba. Amma ji yadda za a kama su: a shigo bayan gidan tsohuwa irina da igiyar awo, a auna keji. Kowane tsuntsu sai da zobe a ƙafa, rufaffen nan da ba ya shiga sai yana ɗan kwana ashirin. Kowane sai an rubuta uwarsa da ubansa a rajista. Babban tsuntsun da ba shi da zobe kuwa, za a ɗauka daga daji aka sato shi, a tafi da shi cibiyar gwamnati, sai fa in ya taɓa haihuwa a gidan, sannan a bar shi a matsayin tushen kiwo.

Wannan na ƙarshen ne ya hana ni cin abinci ranar da na karanta. Kin san Goggo ba ta da zobe. Tsohuwar akun nan nake nufi mai karyayyen farce, wadda ta ciji mijinki a yatsa har yau yake gaba da ita. Mijin wata mai jego da na karɓi haihuwarta ne ya kawo mini ita shekara goma sha tara da suka wuce, za su bar gari, lokacin ɗanmu Dogo ya tafi makarantar kwana gidan ya yi mini faɗi. Babu takarda babu komai, sai kwali mai huji. Da na sake karanta shafin sai hankalina ya ɗan kwanta, don a littafina 'ya'yan Goggo arba'in da ɗaya ne.

Ranar Asabar ƙungiyarmu ta yi taro a shagon Shugaba, mai sayar da fenti. Mu goma sha huɗu, a kan gwangwanaye, kowa ihunsa ya fi na tsuntsayensa. Wani tela ya ce ya auna, kejin da dokar ke so ya fi tsakar gidansa girma, sai dai shi da iyalinsa su koma keji tsuntsaye su karɓi ɗaki. Aka yi dariya, aka watse ba a tsayar da komai ba.

Sai ga ɗanmu da shawara. Kin san yanzu Dogo jami'i ne a wannan ma'aikatar, har da tebur nasa da fanka. Ya ce kafin zaman jin ra'ayin jama'a na wata mai zuwa, suna son gwada tsarin a gida ɗaya, shi kuma ya ba da sunan gidana. Wai in manyansa suka ga mai kiwon sha'awa da littafi tsaf, za su sassauta wa kowa. Ya ce duk ƙasar nan babu mai littafi irin na Mama. Ƙarama, kaina ya kumbura, ba zan ɓoye miki ba. Shekara talatin ina ungozoma a ɗakin haihuwa, ban taɓa rubuta awon jariri a gurbin wani ba, kuma haka na riƙe littafin tsuntsaye: ranar ƙwai, ranar ƙyanƙyasa, lambar zobe, uwa, uba, gidan da aka kai.

Jiya suka zo su uku. Na sa hannu a wata takarda, tabarauna yana ɗaki ban tsaya ɗaukowa ba, ɗana ne ya miƙo. Suka tsige gashin ƙirji daga kowane tsuntsu suka sa a 'yan ambulan, suka bi gidajen 'yan ƙungiya suka tsige na 'ya'yan Goggo da ke can. Ba baƙon abu ba ne, mu ma muna aika gashi a duba cuta ko a gaya mana mace ce ko namiji. Goggo ta so cire wa ɗayansu ɗan yatsa, Dogo ne ya riƙe ta da tawul yadda na koya masa.

Ki taya ni addu'a. Ki gaida kowa da kowa, ki ce wa mijinki Goggo tana gaishe shi.

Yayarki,
Mai Aku


Juma'a, 14 ga wata

Ƙarama ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ina fata kun tashi lafiya, gwiwa kuma da sauƙi. Wasiƙarki ta iso, na gode da addu'a. Ki ƙara, don wadda kika yi ba ta isa ba.

Shugaba ya zo shekaranjiya da daftarin a hannu, ya ja layi da jan biro a shafi na goma sha bakwai. Ashe gashin da suka tsige ba na duba cuta ba ne. Sabon gwajin nan ne da ke nuna wa ya haifi wa. Shi murna yake, wai yanzu za a ga bambancinmu da ɓarayi. Na ba shi ruwa, na raka shi ƙofa, na dawo na zauna a kan bokitin gyaɗa.

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba. Ko ɗaya.

Tana yin ƙwai kamar kowace mace, uku ko huɗu, ta kwanta a kai. Amma in na haska su da tocila bayan mako guda, fayau suke, babu jijiya babu komai. Na sauya mata namiji sau biyu, na sauya abinci, na kai ta wajen likitan dabbobi, shiru. Shekarar farko kwana arba'in ta yi a kan baragurbi, ta ƙi tashi, ta rame har ƙashin ƙirjinta yana sukar hannu. Duk taro sai 'yan ƙungiya sun tambaye ni ko Goggo ta ƙyanƙyashe, da irin muryar da mata ke yi mini tambaya in na je barka. Kin san muryar, kin sha tsayawa kusa da ni ana yi.

A lokacin ina da wata macen, Mai Tsawa. Ita ƙwanta duk da ɗa a ciki, amma banza ce. Ta yi kwana goma a kai sai ta gaji, ta fasa su da baki, ta fito tana ɓarar gyaɗa kamar ba ita ba. Wata safiya bayan asuba, da ita da Goggo suka fito cin abinci, na buɗe akwatin Mai Tsawa na ɗebe ƙwai biyu, na ɗumama su a tafin hannu, na cire na Goggo na sa mata waɗannan. Masu kiwo da yawa suna yi, ba ni na fara ba. Goggo ta koma ta juya su da baki ta kwanta. Kwana goma sha tara bayan nan na ji kuka a akwatinta.

Ƙarama, da kin ga yadda ta yi renon nan. Wata uku tana amayo musu abinci baki da baki, gashin ƙirjinta ya ƙare, in na miƙa hannu ta yi kaina kamar za ta kashe ni. Ranar da na sa musu zobe na buɗe littafi, na zo gurbin da na rubuta "uwa" a sama, biro ya tsaya. Na dubi Mai Tsawa tana lilo da ƙafa ɗaya a jikin waya, ko sanin suna duniya ba ta yi ba. Na dubi Goggo. Na rubuta Goggo.

Haka na ci gaba shekara goma sha takwas. Da Mai Tsawa ta mutu, shekara shida ke nan, na samo Gimbiya, ita ma kyau kamar me, hali ɗaya da waccan. Ita ke yin ƙwai, Goggo ke reno, ni ke rubutawa. Dogo bai taɓa gani ba, da sassafe nake yi, shi kuma in ya zo hutu sai rana ta take yake tashi. Shi ya riƙa riƙe mini ƙananan ina zura musu zobe, yana yi wa Goggo kirari wai uwar gayya.

Kada ki tambaye ni me ya sa ban ƙara gurbi ɗaya a littafin ba, in rubuta wadda ta yi ƙwan daban. Na yi tunaninsa sau ɗari. Ban so ranar da wani zai buɗe ya ga layin Goggo babu komai ba, shi ke nan dalilina, kuma na san ba dalili ba ne a gaban gwamnati.

Ban gaya wa Dogo ba tukuna. Sau biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Ke ma kada ki gaya masa, na roƙe ki, da bakina nake so ya ji.

Ki gaida yara. Allah Ya bar zumunci.

Yayarki


Lahadi, 30 ga wata

Ƙanwata,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Na ga amsarki. Kin ce in kwantar da hankalina, wai ai wadda ta rena ita ce uwa, kowa ya sani. Na gode. Magana ce mai daɗin faɗi a bakin mai 'ya'ya bakwai. Ki yi haƙuri, ba da ke nake faɗa ba, bakina ne ya yi ɗaci kwanan nan.

Ban kai ga gaya wa Dogo ba sakamako ya fito. Ranar Alhamis da la'asar ya shigo da ambulan, ko takalmi bai cire ba. Na zuba masa abinci ya ce ya ƙoshi, yaron da ke buɗe tukunyata kafin ya gaishe ni. Ya shimfiɗa takardun a kan tebur. 'Ya'yan Goggo goma sha bakwai aka gwada, shida na gidana, sha ɗaya na gidajen mutane. Babu nata ko ɗaya. Tara sun dace da Gimbiya da mijinta. Takwas ba su dace da kowane tsuntsu da ke gidan nan ba.

Na zaunar da shi na kwashe komai na faɗa masa, tun daga ƙwai biyun farko. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce shi ya yarda da ni, amma fom ɗinsu ba shi da gurbin yarda. Ya ce abin da takardar ke nunawa shi ne daidai yadda ɓarayi ke yi: su ajiye tsofaffin tsuntsaye biyu a keji, su kwaso ƙanana daga daji, su zura musu zobe, su rubuta cewa waɗannan ne suka haifa. Wato ni ce ɓarauniyar da ake nema. Ni da ban taɓa taka dajin da aku ke kwana ba, ni da ko kasuwar tsuntsaye ba na shiga don ba na iya kallon yadda ake cusa su a kwando.

Na ce takwas ɗin na Mai Tsawa ne, tana nan binne ita da mijinta a gindin lemon bayan gida, a kawo shebur in tono musu. Ya ce shekara shida, ba lallai a sami abin gwadawa ba, kuma ko an samu wa zai shaida ƙashin wa na tono. Sai ya tambaye ni, murya ƙasa ƙasa, me ya sa na bar shi ya kai sunana gaban Daraktansu alhali na san haka. Na ce ban san gwajin me za a yi ba. Ya ce yana cikin takardar da na sa wa hannu. A cikinta kuma, ashe, na yarda ma'aikata ta riƙe duk tsuntsun da aka samu da matsala. Wallahi da ba shi ya miƙo mini ba, da sai na ɗauko tabarau.

Labari kuwa ya riga ni fita. Takwas ɗin nan duk a gidajen 'yan ƙungiya suke, mutane sun yi shekara goma, sha biyar da su, yanzu ana ce musu ƙila na sata ne. Ɗaya tana wajen Shugaba, ita ke zama a kan kantarsa tana kiran masu wucewa. An cire ni daga zauren waya na ƙungiya ba sallama. Telan nan da na kwana uku ina ba ɗan akunsa abinci da sirinji har ya rayu, jiya ya hango ni a layin kantin magani ya tsallaka titi. Ba na ganin laifinsu duka, amma ko mutum ɗaya bai ƙwanƙwasa ƙofata ya tambaye ni yadda aka yi ba. Kuma rabinsu suna sauya ƙwai, na sani, don ni na koya musu.

Dogo ya ce a ma'aikata har an fara gyara daftarin, za a ƙara masa tsanani, tunda gidan da aka ce ya fi kowane tsabta ga abin da aka samu. Wato na je gyara na ɓata wa kowa.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya Goggo ce. Ba zobe, ba takarda, yanzu kuma ba ɗa. Tana can a akwati yanzu haka, na sa mata ƙwan Gimbiya uku ranar Talata, ba ta san ana shari'arta ba.

Zaman jin ra'ayi ranar goma ga wata ne. Zan je in yi magana, ko za su jefe ni.

Ki gaida mutanen gida.

Yayarki


Alhamis, 11 ga wata

Ƙarama,

Gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Jiya aka yi zaman, zan ba ki labari yadda ya faru, ki karanta a zaune.

Babban ɗaki ne a hawa na biyu na ma'aikatar, kujerun roba, fanka biyu ɗaya ba ta juyawa, lasifika tana yi wa duk wanda ya matsa kusa fito. Darakta da manyansa a kan dogon tebur, Dogo a gefe da tulin fayil, ya sa farar rigar da na ɗinka masa ranar da ya fara aiki. 'Yan ƙungiya suka zauna a jere ɗaya, na zauna ni kaɗai a bakin taga.

Sai kawai na ga rubutuna a bango. Sun ɗauki hoton shafin littafina sun haska shi, kowane harafi ya kai tafin hannu. Sun rufe sunana da baƙin layi, wai don mutunci, alhali duk ɗakin ni ake juyowa ana kallo. Darakta ya bi gurbin uwa da sanda daga sama har ƙasa, Goggo, Goggo, Goggo, yana cewa ga irin rajistar da masu kiwon sha'awa ke so a amince da ita. Wata mai kare namun daji ta tashi ta ce a hana kiwon bayan gida gaba ɗaya. Aka tafa mata.

An ba ni minti uku. Na ce ni ce mai littafin, a cire baƙin layin. Na yi bayanin yadda ake sauya ƙwai, na ce in babu irin su Goggo rabin ƙananan da ake ƙyanƙyashewa a gidaje ba za su rayu ba, kuma duk wanda bai rayu a gida ba daga daji za a cike gurbinsa. Na ce dokarsu ta tanadi wuri ga mai yin ƙwai, ba ta tanadi wuri ga mai reno ba, su ƙara layi ɗaya mana, me zai ci musu? Wani daga baya ya ce ashe tsuntsaye ma suna da 'yar aiki. Aka kwashe da dariya, mai riƙe da agogo ya ce lokacina ya cika.

Sai Shugaba ya miƙe. Na zaci zai ce shi ma yana sauya ƙwai. Ina! Cewa ya yi kada a yi wa ƙungiya hukunci da gidan mace ɗaya, kuma a binciki yadda aka zaɓi gidan, domin jami'in da ya kawo shi ɗanta ne, a gidan ya girma, ba yadda za a yi a ce bai san abin da uwarsa ke yi ba. Darakta ya cire tabarau ya juya wajen Dogo, ya ce a fom ɗin da ya cike kafin gwajin ya rubuta cewa mai gidan ba mahaifiyarsa ba ce, ba matarsa ba, ba 'yarsa ba. Ya ce ya tashi ya faɗa wa jama'a ko ƙarya ya rubuta.

Ya tashi. Ya gyara wuyan rigarsa. Ya ce mai gidan yayar mahaifiyarsa ce, mahaifiyarsa tana wani gari da ranta, takardar haihuwarsa tana cikin fayil ɗinsa ga duk mai son gani. Ya zauna. Bai dubi wajen taga ba.

Ƙarama, bai yi ƙarya ba. Ni na karɓi haihuwarsa, ni na cike takardar da hannuna, sunanki na rubuta a gurbin uwa, harafi ɗaya ban kuskure ba. Yana ɗan kwana tara aka kwantar da ke, wata biyar kina asibiti ba ki san inda kanki yake ba. Ni na koya masa kama kwalba, ni ya yi wa amai a kafaɗa, a bayana ya yi ƙyanda. Da kika warke kika zo ɗaukarsa ya maƙale a wuyana yana tsala ihu, kika ce Yaya bar shi, naki ne. Shekara talatin da huɗu ina riƙe da wannan kalmar taki kamar takardar fili. Jiya na gane ba a rubuce take ba.

Na san abin da za ki ce. Aikinsa ne, yana da mata da yara biyu, da ya ce uwata ce da yau yana gida a zaune. Na sani. Da ya tambaye ni tun farko, da ni zan ce masa ya faɗi haka. Abin da ke ci na shi ne tun kafin gwajin ya cike fom ɗin, tun ranar da yake ce mini duk ƙasar nan babu mai littafi irin na Mama. Ya zauna a teburinsa ya karanta tambayar, ya san amsar da ta dace, bai ko yi tuntuɓe ba.

Na sauko benen ni kaɗai, na tari mota na dawo na ba tsuntsaye ruwa.

Kada ki kira shi ki yi masa faɗa. Ban rubuto don haka ba.

Yayarki


Asabar, 20 ga wata

Ƙanwata Ƙarama,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Wasiƙunki biyu sun iso, na karanta. Kada ki taso, gwiwarki ba za ta ɗauki tafiyar ba, kuma babu abin da ya rage da za ki tarar.

Sun tafi da Goggo ranar Alhamis. Dokar ma ba a sa mata hannu ba, har yanzu daftari ce, ana ta gardama a kanta a rediyo. Takardar da na sa wa hannu ce ta yi aiki. Sharaɗin da suka ba ni shi ne in gyara littafina, in miƙa tsuntsun da ba shi da zobe ba shi da ɗa, su kuma su bar takwas ɗin nan a hannun masu su. Na yarda. Mutanen ba su yi mini kara ba, amma tsuntsayen ba su yi mini komai ba.

Kwana biyu na yi ina gyaran. Na ɗauko jan biro na bi layi layi, na soke Goggo sau arba'in da ɗaya, na rubuta Mai Tsawa ko Gimbiya a sama. Ban duba komai ba, duk na san su. Littafin ya zama gaskiya yanzu, ko kallonsa ba na son yi.

Dogo ne ya zo da kansa, shi da direba. Ya ce bai yarda wani ya kama ta ba. Daga ƙofa ya ce Mama, kamar kullum, na amsa sallamarsa na shige gaba. Goggo tana kan ƙwai, saura 'yan kwanaki su fashe. Na haska su da safen, duka ukun suna motsi. Da ya buɗe akwatin ba ta gudu ba, baje fiffike ta yi a kansu tana gurnani. Ya rufe ta da tawul ya kama ta ta bayan wuya, ta samu babban yatsansa ta cije har jini, bai sake ta ba. Na sa mata gyaɗa da rabin gwanda a akwatin tafiya, na gaya masa ba ta shan ruwa a kwanon roba, sai na ƙarfe. Ya rubuta a bayan hannunsa.

Sai fom ɗin miƙawa. Ya ɗora shi a kan bokiti yana cikewa, jini yana ɗiga a gefen takardar. Jinsi, mace. Zobe, babu. Shekaru, ba a sani ba. Ya zo layin da aka ce yawan 'ya'ya, biro ya tsaya. Ya daɗe a haka, Ƙarama, har direba ya yi hon. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Na karɓi biron daga hannunsa na rubuta sifili, na sa hannu, wannan karon da tabarauna. Na wanke masa yatsan na ɗaure, tunda aikina ne, suka tafi.

Ƙwan na mayar wa Gimbiya, uwarsu ta takarda. Kafin azahar ta fasa ɗaya. Sauran biyun na naɗe su a tsumma na sa kusa da kwalbar ruwan zafi, ina juya su, amma jiya da na haska ɗaya ya daina motsi. Mijin Goggo yana da zobe, shi an bar mini shi. Tun ranar yake tsaye a bakin akwatin yana leƙawa, ya ƙi cin komai.

An ce ana barin mutane su ziyarci cibiyar ranar Laraba. Ban sani ba ko zan je. In ta gan ni za ta zaci na zo ɗaukarta.

Abu ɗaya zan roƙe ki. Ɗanki ya rame ƙwarai, wuyan rigarsa har yawo yake yi, kuma yatsan nan yana son a sake masa ɗauri bayan kwana biyu, cizon aku ba ya son wasa. Ya kira ni sau huɗu ban ɗauka ba, ba don fushi ba, ban san da wace murya zan amsa ba. Ki kira shi ki ce ya ci abinci, ya je a duba hannun. Ke ce uwarsa, zai ji maganarki.

Ki gaida kowa. Allah Ya ba ki lafiyar gwiwa.

Yayarki